Amsa Ga Mai Shago a Houston: Wace Ƙaramar Bindiga Ce Ta Dace da Ɗauka a Ɓoye?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan abinci a birnin Houston na jihar Texas ya aiko da tambaya. Ya ce yana da katin zama na dindindin a Amurka, yakan rufe shago bayan sha ɗaya na dare da cinikin yini a hannunsa, kuma bayan fashin da aka yi wa maƙwabcinsa ya yanke shawarar mallakar ƙaramar bindiga da zai riƙa ɗauka a jikinsa ba tare da an gani ba. Abin da ya ware dala 600 ne, bai taɓa harbi ba, kuma yana son a gaya masa sunan bindigar da ba za ta ba shi kunya ba.

Malam, na daɗe ina koyar da masu neman lasisin ɗaukar bindiga a wannan jiha, kuma kusan duk wanda ya zo wurina da sunan bindiga yake fara tambaya, alhali sunan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tsayar. Zan ba ka sunayen, amma sai mun bi ta kan abubuwan da za su sa zaɓin ya zama naka, domin dala 600 ɗin nan ba kuɗin bindiga kaɗai ba ne, kuɗin abubuwa biyar ne ko shida da ba sa aiki sai a haɗe.

Mu fara da takardunka. Dokar tarayya ta yarda mai katin zama na dindindin ya sayi bindiga kamar yadda ɗan ƙasa zai saya, matuƙar babu wani abin da ya haramta masa, kamar hukuncin babban laifi ko hukuncin dukan iyali. Wanda yake zaune da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki kuwa hukuncinsa daban ne, domin asalin doka ta hana shi, sai a wasu 'yan keɓaɓɓun halaye, kuma wanda ba shi da takardar zama ko kaɗan haramun ne gare shi ya riƙe ko da harsashi ɗaya. Na faɗi wannan ne saboda ƙannenka da yaran shagonka, kada ka ajiye bindiga a ƙarƙashin kanta inda yaron da ke kan bizar karatu zai iya ɗauka. A wurin dillali mai lasisi za ka cike fom mai lamba 4473, a aika sunanka ga tsarin binciken da hukumar FBI ke gudanarwa, kuma dole shekarun mai sayen ƙaramar bindiga a wurin dillali su kai 21. Tambaya ta farko mai nauyi a fom ɗin ita ce ko kai ne ainihin mai sayen. Saya wa wani da sunanka babban laifi ne wanda tun dokar 2022 zai iya kai mutum ɗaurin shekara 15, kuma a al'adarmu ta jin nauyin ɗan'uwa nan ne mutane ke faɗawa rami.

Tun ranar 1 ga Satumba 2021 jihar Texas ta yarda wanda ya cika sharuɗɗa ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Duk da haka shawarata ita ce ka nemi lasisin. Kuɗin gwamnati dala 40 ne, darasin aji awa huɗu zuwa shida, sannan gwajin harbi na harsashi 50: ashirin daga nisan yadi 3, ashirin daga yadi 7, goma daga yadi 15, ana neman maki 175 cikin 250. Amfaninsa ya wuce katin da za ka sa a aljihu. Jihohi da dama suna karɓar lasisin Texas idan tafiya ta kama ka, kuma dokar tarayya ta 1990 da ta hana bindiga a cikin ƙafa 1,000 daga harabar makaranta ta yi rangwame ne ga mai lasisin jihar, abin da ya shafi duk mai tuƙi a cikin Houston, inda da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka gifta makaranta ba. Mafi muhimmanci, a ajin ne za a karantar da kai yaushe doka ta yarda a fitar da makami, da ma'anar allunan hana shiga da bindiga da ake liƙawa a ƙofofi masu lamba 30.05 da 30.06 da 30.07, da jan allon nan mai 51% na wuraren da yawancin cinikinsu giya ce.

Ga masu karanta wannan amsa daga gida, duk bayanin nan na Amurka ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, kuma cusa bindiga ko harsashi cikin kwantenar kaya zuwa gida laifi ne a ƙasashen biyu.

Batun girman harsashi ba zai ɗauke mu lokaci ba: ka tsaya a kan milimita 9. Bayan musayar wuta da aka yi a Miami a watan Afrilun 1986, inda jami'an FBI biyu suka rasa rayukansu, hukumar ta fitar da ma'aunin cewa harsashin kare kai ya ratsa inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abu da ake gwaji da shi mai kama da naman jiki, ta kuma bar milimita 9 ta koma manyan harsasai. Bayan kusan shekara talatin, da ƙirar harsasai ta inganta, sai ta dawo kan milimita 9 ɗin, ta ba kamfanin Glock kwangila a 2016. Dalilanta su ne naka: shurinsa ya fi sauƙi, bindiga tana cin da yawa, kuma shi ne mafi araha cikin harsasan fistol na kare kai, wanda ke nufin za ka iya yawan atisaye. Akwai .380 mai sauƙin shuri idan bindigar tana da ɗan jiki, amma harsashinsa ya fi tsada duk da cewa ya fi rauni, don haka ba na tura sabon shiga gare shi sai in hannu ne ba ƙarfi.

Inda ake yawan kuskure shi ne girman bindigar kanta, kuma a nan zan daɗe. Mai saye yakan shiga shago ya ga 'yar mitsitsiya wadda ba ta kai tafin hannu ba, ya ce ai wannan ce za ta ɓoyu. Gaskiya ne za ta ɓoyu, amma ƙarfin da ke fitar da harsashi gaba shi ne ke dawowa baya cikin hannu, kuma gwargwadon rashin nauyin bindiga gwargwadon zafin shurinta. Ƙotar ƙaramar ba ta ɗaukar yatsu uku, ɗan ƙaramin yatsa yana reto a iska, tazarar da ke tsakanin ma'aunin saiti na gaba da na baya gajeriya ce, ta yadda ɗan karkacewar da ido ba zai lura da ita ba za ta kai harsashi gefe. Ni kaina da irinta na fara. Na harba kwali ɗaya, tsakanin babban yatsana da manuni ya yi ja ya kumbura, na mayar da ita akwati, na yi wata huɗu ina ɗaukar abin da ban iya harbawa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, babba irin ta 'yan sanda tana da daɗin harbi, amma a zafin Houston na watan Agusta, da riga mara nauyi, bayan mako biyu za ka fara barin ta a mota, kuma daga cikin motoci ake sace bindigogi masu yawa a biranen Amurka. Abin da ake nema shi ne mafi girman bindigar da za ka jure ɗauka kullum. Ka kuma sani cewa ba tsawon baki ne ke tona asiri ba, domin baki yana kwance ne a cikin wando. Tsawon ƙota da kaurinta su ne ke tokare riga su fito da siffa.

Da wannan ma'auni, ga waɗanda suka daɗe a hannun jama'a har aka san halinsu. Glock 19, ƙirar Ostiriya da ta fito a 1988, tana cin harsashi 15, nauyinta babu harsashi ya kusa giram 670, kuma babu wata fistol da ta kai ta samun kube da gidan harsashi da kayan gyara a kowane lungu. Aibinta kauri ne, siririn mutum yakan sha wahalar ɓoye ta. SIG Sauer P365 ta fito a 2018 ta sauya kasuwa, domin ta cusa harsashi 10 a jikin da kaurinsa inci ɗaya ne kuma nauyinsa kusan rabin kilo. Sauran kamfanoni suka biyo sahu: Glock 43X mai cin 10 da Springfield Hellcat mai cin 11, wadda ake ƙerawa a Kuroshiya, duk a 2019, sai Smith & Wesson Shield Plus a 2021 mai zuwa da gidan harsashi na 10 da na 13. Sababbin waɗannan yawanci suna tsakanin dala 400 da 600, gwargwadon shago da lokaci. A ƙasa da su akwai Ruger Max-9, da Taurus G3c ta kamfanin Birazil mai cin 12, da wasu ƙirar Canik na Turkiyya, waɗanda akan samu wasunsu a wajajen dala 300 zuwa 400. Na ga masu araha da suka harba ɗaruruwa ba su cije ba, sai dai ina ƙara tsananta gwaji a kansu kafin in ce wa ɗalibi ya dogara. Ga mai raunin hannu ko ciwon gaɓoɓi, Shield EZ an yi ta ne musamman domin murfinta na sama ya yi sauƙin ja.

Wasu dattawa za su ce maka ka sayi libarba ka huta, kamar Smith & Wesson 642 ko Ruger LCR, masu cin harsashi biyar na .38. Suna da hujja: ba ta da gidan harsashi da zai lalace, ba ruwanta da yadda ka riƙe ta, in harsashi ya ƙi tashi sai ka sake jan kunama. Amma kunamarta tana da tsawo da nauyi, ninki biyu na ta fistol, kuma gajeriyar libarba mara nauyi tana cikin bindigogi mafi wuyar samun saiti da su. Ina girmama ta, amma ba na ba wa wanda bai taɓa harbi ba.

Yanzu mu koma kan aljihunka. Idan ka zuba dala 550 a bindiga, ka rage da hamsin, ka sayi doki babu sirdi babu linzami. Kube nagari zai ci dala 50 zuwa 80, bel mai ƙarfi da ba ya lanƙwasa kusan 50, harsashin atisaye 300 wajen dala 90 ko 100, kwali biyu na harsashin kare kai kusan 60, akwatin kulle na gida daga 40 zuwa sama, ga kuɗin lasisi da na aji. Ka ga ke nan abin da ya rage wa bindigar bai wuce dala 300 ba. Hanya uku gare ka. Ko dai ka ɗauki ɗaya daga cikin masu araha, ko ka nemi ta hannu a wurin dillali mai lasisi, musamman waɗanda rundunonin 'yan sanda ke mayarwa idan sun sauya makamai, domin yawancinsu gogewar kube ce kawai a jikinsu, cikinsu bai sha wuya ba. Ko kuma ka ƙara haƙurin wata biyu, ka yi ajin lasisi da bindigar haya, ka tara abin da zai kai ka dala 850. Ta ukun na fi so, domin sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, kuma wata biyun ba a banza za su tafi ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka je filin koyon harbi da ke ba da haya, ka ɗauki uku daga cikin waɗanda na lissafa, ka harba kwali guda da kowace tare da malami a gefenka. Ka lura ko gaɓar farko ta manuninka tana kaiwa tsakiyar kunama ba tare da ka karkata riƙo ba, ko babban yatsanka yana isa maɓallin sakin gidan harsashi, ko kana iya jan murfin sama har ƙarshe ka maƙale shi. Gani ya kori ji, kuma sau da yawa wadda mutum ya zo da sunanta a baki ba ita yake komawa da ita ba.

Aminci kuma ba a jikin kwali ake karanta shi ba. Kamfani mafi suna yakan fitar da guda mai matsala, saboda haka taka ce za ka gwada. Ka wanke ta ka sa mata mai kamar yadda littafinta ya ce, ka harba aƙalla 200 zuwa 300 na harsashin atisaye, kana juya duk gidajen harsashin da kake da su, sannan ka harba aƙalla 40 ko 50 na ainihin wanda za ka riƙa ɗauka. Na kare kai shi ne mai rami a baki, wanda ke buɗewa idan ya shiga, ya rage haɗarin ratsawa ya sami wanda ke baya. Federal HST da Speer Gold Dot suna cikin waɗanda rundunoni da yawa ke amfani da su. Ka sa wa kowane gidan harsashi lamba da alƙalamin fenti, domin yawancin cijewar fistol daga nan take, kuma idan lamba biyu ce ke cijewa kullum ka gano mai laifi. Wani lokacin kuma laifin na mai harbi ne: idan wuyan hannu ya yi sako-sako, murfin sama ba ya samun abin tokarawa ya kammala zuwa da komowa, sai kwanso ya maƙale. Ka ba gwani ya harba kafin ka yanke wa bindigar hukunci. Wani ƙaramin abu da ba a cika faɗa ba shi ne, harsashin da ake ta ɗorawa ana cirewa kullum kansa yakan nutse cikin kwanso, wanda ke ƙara matsin wuta, don haka ka riƙa ware shi bayan 'yan lokuta.

Kube shi ne rabin lafiyarka. Yawancin waɗannan fistol ɗin ba su da makullin hannu, ko kuma ana sayar da su iri biyu, mai shi da mara shi, kuma abin da ke hana su tashi shi ne kada komai ya taɓa kunama. Saboda haka kube dole ya zama mai tauri, na roba mai ƙarfi da ake kira Kydex ko na fata mai kauri, wanda aka ƙera domin wannan samfurin kaɗai, ya rufe kunama ruf, bakinsa ya tsaya a buɗe bayan an zare, kuma ya riƙe bindigar ko da an kifa shi. Lokacin mayarwa cikin kube ne mutane suka fi harbin kansu, idan gefen riga ko igiyar jaket ta shiga gaban kunama. Babu gaggawa a mayarwa, ka duba da idonka, ka janye riga da ɗaya hannun.

A nan ne kayanmu na gida ke shigowa, kuma littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. Kaftani da babbar riga sun fi kowace tufa ɓoye makami, amma doguwar riga da ta wuce gwiwa tana da wuyar ɗagawa cikin sauri, kuma wando mai zariya ba ya ɗaukar nauyin giram 700. Na gwada wannan a ɗakina da bindiga wadda na tabbatar babu komai a cikinta, da wani kube mai laushi da na saya da araha. A tsaye lafiya lau. Da na sunkuya kamar mai ruku'u sai ƙotar ta leƙo, da na kai goshi ƙasa sai ga ta a kan darduma. Tun daga ranar nake ce wa ɗalibaina su kai wa tela wandunansu ya ɗinka musu madaukan bel, ko su nemi ɗamarar ciki mai ɗauke da kube mai tauri, kuma su yi irin wannan gwajin a gida: su zauna, su sunkuya, su tsuguna kamar masu alwala, su shiga mota su ɗaura bel ɗin kujera. Duk atisayen gida ana yin sa ne bayan an cire gidan harsashi, an ja murfi an leƙa an taɓa da yatsa, an kuma fitar da harsasan zuwa wani ɗaki. Game da masallaci, dokar Texas tun 2019 ta ɗauki wuraren ibada kamar kowane gini mai zaman kansa, wato hukuma ce ta masallacin ke da ikon yarda ko hanawa. Ka tambayi kwamiti, ka bi abin da suka ce, kuma kada ka taɓa cire bindiga ka ajiye a gefen wurin alwala ko a bayi, domin nan ne ake mantuwa.

Ba ka ambaci iyali ba, amma zan ɗauka akwai yara. A Texas laifi ne barin bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta, kuma saman kabad ba maɓoya ba ce, yara sun san ko'ina a gidan ubansu. Idan ba ta jikinka, tana cikin akwati a kulle. Akwai kuma maganar da ba ma son yi a tsakaninmu: cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi su ne suka kashe kansu. Idan kai ko wani a gidan yana cikin matsananciyar damuwa, ko zaman aure ya yi tsami har ana ɗaga murya, a ɗage sayen, ko a kai ta ajiya wani wuri da doka ta yarda har abin ya wuce. Ka kuma yi shawara da uwargida kafin ka shigo da ita, domin gidan nata ne ita ma.

Da ni ne kai, ga siririn jiki ko matsakaici da yanayin Houston, zan sa Shield Plus da Glock 43X da P365 mai doguwar ƙota a kan tebur, in ɗauki wadda na fi samun saiti da ita a yadi 7, in kuma jikina yana da faɗi in ƙara Glock 19 ta hannu a cikin gwajin. Kafin nan, a wannan makon, ka daina fita da cinikin yini a hannu: ka riƙa kai kuɗi banki da rana a lokuta mabambanta, ka gyara fitilar bayan shago, ku riƙa rufewa ku biyu. Idan lasisi ya fito kuma, ka ware kwali ɗaya na harsashi 50 duk wata domin filin harbi, da minti goma sau biyu a mako na atisayen zarewa a gida da irin rigar da kake sawa zuwa shago, ka kuma riƙa goge bindigar duk mako, domin gumi da zaren tufafi suna taruwa a cikinta fiye da yadda za ka zata.